Abu Zaid al-Kashani

Abu Zaid ɗan Muhammad ɗan Abu Zaid, wanda aka fi sani da Abu Zaid al-Kashani, maginin tangaran ne, mai zane, gwanin rubutu kuma mawaƙi, mutumin garin Kashan da ke tsakiyar ƙasar Iran. Ayyukansa masu ɗauke da kwanan wata sun faro daga shekarar 582 ta Hijira (1186 Miladiyya) zuwa 616 (1219). A cikin maginan Iran na wancan zamani, babu wanda kayan da ya sa wa hannu suka wanzu da yawa har zuwa yau kamar nasa. Ya ƙware a fannoni biyu da suka fi kowanne wuya da tsada a sana'ar: zane mai launuka da yawa da ake kira mina'i, da kuma fenti mai ƙyallin zinariya. Shi ne kuma, tare da Muhammad ɗan Abu Tahir, ya yi tayil ɗin da aka ƙawata hubbaren Fatima Ma'asuma a Ƙum da na Imam Ali Rida a Mashhad.

Tarihin Abu Zaid a jikin kwanoni da farantai da tayil ake karanta shi, domin al'adarsa ce idan ya gama aiki ya rubuta sunansa, sau da yawa har da wata da shekara.

Garinsu da zamaninsa

Kashan tana bakin hamadar Kavir, kimanin kilomita 100 kudu da Ƙum. Gari ne mai ƙarancin ruwa, wanda ya dogara ga sana'ar hannu da fatauci. Masanin ƙasashe Yaƙut al-Hamawi, wanda ya yi zamani da Abu Zaid, ya ambaci garin a littafinsa Mu'ujamul Buldan, ya ce mutanensa 'yan Shi'a ne masu bin imamai goma sha biyu, kuma daga can ake fitar da tangaran zuwa wasu garuruwa. Sunan garin ya bi kayan har ya zama sunansu: a Farisanci ana ce wa tayil kashi, a Larabci kuma ƙashani.

Abu Zaid sharifi ne. A wasu ayyukansa ya kira kansa Sayyid, ya kuma jingina kansa ga zuriyar Hassan ɗan Ali. Wannan matsayi ne mai daraja a gari irin Kashan, kuma ya dace da irin ilimin da ke bayyana a hannunsa, domin yana rubuta Larabci da Farisanci duka.

Zamaninsa ba na kwanciyar hankali ba ne. Yana tsakiyar aikinsa aka kashe Tugril na Uku, sarkin Saljuƙawa na ƙarshe a yammacin Iran, a yaƙi kusa da Rayy a shekarar 1194, ƙasar ta faɗa hannun sarakunan Khawarizm. Duk da haka a waɗannan shekaru ne tangaran ɗin Iran ya kai ƙololuwarsa. Sana'ar ba ta rataya a kan fadar sarki ɗaya ba. Kaɗan ne daga cikin kwanonin suke ɗauke da sunan wani basarake. Yawancinsu addu'a suke yi wa mai kwanon ba tare da ambaton suna ba, alamar cewa kasuwa aka yi su dominta, inda attajirai da malamai da ma'aikatan hukuma suke saye.

Abin da ya tarar

Rubutu a jikin kwano ya girmi Abu Zaid da ƙarni biyu ko fiye. A ƙarni na 10, zamanin Samaniyawa, maginan Nishapur da Samarƙand suna shafe kwanon jar ƙasa da farin yumɓu, su zagaye bakinsa da rubutun Kufi baƙi ko ruwan ƙasa, su bar tsakiyar fayau. Abin da suke rubutawa karin magana ne na Larabci a kan haƙuri da kyauta da neman ilimi, ko fatan albarka ga mai cin abinci. Haruffan a miƙe suke, an ja su an tsawaita, kuma su ne dukan adon.

Fenti mai ƙyalli kuwa ta wata hanya ya biyo. An fara shi a jikin gilashi, sannan maginan Iraƙi suka mayar da shi kan tangaran a ƙarni na 9. Daga nan ya koma Masar a zamanin Faɗimiyawa. An ƙone Fusɗaɗ, inda matoyan maginan suke, a 1168, daular Faɗimiyawa kuma ta faɗi a 1171. Ba a jima ba sai ga fasahar a Iran: abu mafi tsufa mai kwanan wata shi ne wata kwalba ta shekarar 575 (1179) da ke Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan. Masana da yawa suna ganin magina ne suka yi ƙaura da sirrin sana'ar, domin ba abu ba ne da mutum zai gano ta hanyar duban kwanon da aka gama. Shekara 7 ne kacal tsakanin wannan kwalba da kwanon Abu Zaid na farko, saboda haka yana cikin rukunin farko na waɗanda suka riƙe fasahar a Kashan.

Yadda ake aikin

Bayanin yadda maginan Kashan suke aiki ya zo ne daga Abul Ƙasim al-Kashani, jikan Muhammad ɗan Abu Tahir abokin aikin Abu Zaid, wanda ya rubuta babi a kan sana'ar gidansu a shekarar 700 (1301) cikin littafinsa na duwatsu masu daraja da turare.

Jikin kwanon ba yumɓu zalla ba ne. Ana niƙa farin dutse mai tauri, irin tsakuwar busasshen kogi, har ya zama gari, a ɗebi kashi 10 nasa, a haɗa da kashi 1 na niƙaƙƙen gilashi da kashi 1 na farin yumɓu mai danƙo. Shi gilashin ana samunsa ne ta narka garin dutsen da tokar wani tsiro na hamada mai gishiri. Wannan haɗi yana fitowa daga wuta fari, mai ƙarfi, ana iya yinsa siriri, ya yi kusa da tangaran ɗin Sin wanda kowa yake sha'awa a lokacin. Amma ba ya jin hannu kamar yumɓu, yana saurin tsagewa, shi ya sa ake yawan amfani da zubi. Shuɗin launi kuwa daga ma'adinin kobal ake samunsa, wanda ake haƙa a ƙauyen Ƙamsar kusa da Kashan.

Fenti mai ƙyalli wuta biyu yake sha. A karon farko a gasa kwanon da rufinsa na farin gilashi. Bayan ya huce, a yi zane a kansa da wani haɗi na azurfa da jan ƙarfe da farar wuta da wasu ma'adinai, wanda aka dama da ruwan inabi ko ruwan tsami. Sai a mayar da shi wata matoya ta daban, wutarta ba ta kai ta farko zafi ba, a bar shi cikin hayaƙi. Abul Ƙasim ya ce kwana uku ake yi. Hayaƙin yana janye iskar da ke haɗe da ƙarfen, sai wani ɓawo na ƙarfe wanda ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba ya shige cikin gilashin. Kwanon yana fitowa da dauɗa, sai an goge shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin ƙyallin ya bayyana. Idan wuta ta yi yawa fentin ya ƙone, idan ta gaza ya goge tare da dauɗar, kuma mai aikin ba ya sanin wanne ya samu sai bayan an buɗe matoya. Ana yawan danganta farin jinin wannan kaya da hanin da shari'a ta yi na ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne dalili, tunda masu hali ba su daina tara kwanonin ƙarfe masu daraja ba. Kwanon ƙyalli ya sami kasuwa ne saboda kyansa da kuma sauƙinsa a kan zinariya.

Mina'i shi ma wuta biyu ne. Wasu launuka, kamar shuɗi da tsanwa-shuɗi, ana sa su tun kafin gashin farko, sauran kuma, ja da baƙi da fari har da ruwan zinariya a wasu lokuta, a ɗora su daga baya a sake gasawa. Sunan mina'i na baya-bayan nan ne. Abul Ƙasim launi bakwai ya kira shi.

Kwanonin farko

Aikin Abu Zaid mafi tsufa kwanon mina'i ne mai kwanan wata 4 ga Muharram 582, wato Maris 1186, wanda yake Gidan Tarihi na Metropolitan a birnin Niyok tun 1964. An zana mutane zaune a majalisa a gefen wani tafki, an kewaye su da baitocin waƙa. Akwai wasu kwanoni masu kama da shi na Muharram 583 (1187). Hannun da ya yi su ba na ɗan koyo ba ne, wanda ke nuna ya daɗe a sana'ar kafin shekarar da ya fara rubutawa.

Mutanen da yake zanawa suna da kamanni ɗaya: fuska zagayayyiya kamar wata, idanu sirara, ƙaramin baki, dogon kitso, da da'ira a bayan kai. Irin kyan da waƙoƙin Farisanci na lokacin suke yabo ke nan, kyan Turkawan Asiya ta Tsakiya. Da'irar ba alamar waliyyaka ba ce, hanya ce ta fito da fuska daga cikin ado. Da yake littattafan Iran masu zane na wannan ƙarni kaɗan ne ƙwarai suka tsira, kwanonin mina'i sun zama babbar shaida a kan yadda zanen zamanin yake.

Salon Kashan

Masanin tangaran Oliver Watson, a littafinsa na 1985 a kan kayan ƙyalli na Farisa, ya raba su salo uku. Na farko yana da manyan siffofi da aka bari farare a cikin filin ƙyalli. Na biyu yana da ƙananan siffofi da aka zana da ƙyallin a kan fari, kamar na mina'i. Na uku, wanda ya kira salon Kashan, ya bayyana a wajajen shekarar 1200, ya haɗa biyun: siffofi manya, tufafinsu cike da ado, filin da ke bayansu kuma an karce shi da tsinke an fitar da ƙananan murɗe-murɗe da ganyaye da tsuntsaye masu ƙiba, yadda babu inda ƙyalli ya taru ya yi nauyi. Abu Zaid ya yi aiki a salo na biyu, sannan yana cikin waɗanda aka fi danganta ƙirƙirar na uku da su. Wannan salo ne ya mamaye Kashan har ƙarni mai zuwa.

A salon Kashan rubutu ya sami gurbi na dindindin. Kwano ɗaya yakan ɗauki zobe biyu ko uku na rubutu, wani an rubuta shi da ƙyalli a kan fari, wani an karce shi fari a cikin ƙyalli tun fentin bai sha wuta ba.

Hannunsa da waƙarsa

A nan ne Abu Zaid ya bambanta da maginan Nishapur na da. Su Kufi suke zanawa, harafi-harafi, kamar mai gini. Shi kuwa rubutun tafi-da-gidanka yake yi, irin na magatakarda, dangin Nasakhi, mai sauri, haruffa suna hawa juna, ɗigo yana yawan faɗuwa. Rubutu ne na wanda ya saba da alƙalami da takarda, ya kawo wannan sabo kan bangon kwano mai lanƙwasa da santsi, inda ba a kankare kuskure cikin sauƙi, kuma dole ƙarshen baiti ya zo daidai inda zoben ya haɗe. Harshen ma ya sauya. Kwanonin Samaniyawa Larabci kawai suke ɗauka, nasa kuwa Farisanci ya fi yawa, Larabci yana biye, musamman a addu'o'i da kwanan wata da sa hannu.

Yawancin abin da ake rubutawa waƙoƙin soyayya ne masu ɗango huɗu, irin waɗanda ake kira ruba'i: kukan rabuwa, rashin amanar masoyi, daren da ya ƙi wayewa. A ƙarshe sai addu'ar Allah ya tsare mai kwanon duk inda yake. Abin lura shi ne sau da yawa waƙar ba ta da alaƙa da hoton da ke tsakiya. Ana iya zana mahayin doki, baitocin kuwa na bege ne. Wasu baitocin na mawaƙan da aka sani ne, wasu kuma ba a same su ko'ina ba sai a jikin tangaran, abin da ya sa masu nazarin adabin Farisanci suke bibiyar waɗannan kwanoni. Masanin Iran Abdullah Ƙuchani ya yi fice wajen karanta su.

Yadda Abu Zaid yake sa hannu ma yana da bayani. A wasu wurare yakan faɗi cewa shi ya rubuta bayan shi ya gina, wato aikin duka nasa ne, ba wani ya gina ya miƙo masa ba. A wasu yakan ce da hannunsa aka yi rubutun. A wasu kuma yakan sanar cewa mai waƙar shi ne mai rubutun. Wannan rarrabewa tana nuna cewa a matoyan Kashan akwai rabon aiki tsakanin mai gini da mai zane da mai rubutu, kuma shi yana so a san ya haɗa su duka. Ba kasafai ake samun mai sana'ar hannu na wancan zamani yana gabatar da kansa a matsayin mawaƙi ba.

Ƙum da Mashhad

A watan Rajab 602 (1206) aka kammala tayil ɗin da aka lulluɓe kabarin Fatima Ma'asuma da shi a Ƙum. Ita 'yar Imam Musa Kazim ce, 'yar'uwar Imam Ali Rida, ta rasu a garin a shekarar 201 (816). Aikin yana ɗauke da sunan Abu Zaid da na Muhammad ɗan Abu Tahir. Bayan shekara 10, a 612 (1215), mutanen biyu suka yi wanda ya fi shi girma a ɗakin kabarin Imam Rida a Mashhad: mihrabai, da tayil na kewayen ƙofa, da dogayen layukan rubutu, da tayil masu siffar tauraro da aka jera a ƙasan bango. Sunan Abu Zaid yana kan ɗaya daga cikin mihraban.

Wannan aiki ya sha bamban da kwano. Mihrabi ɗaya tayil ne da yawa, wasu manya masu nauyi, kowanne an zuba shi daban an gasa shi sau biyu, kuma kowanne yana ƙanƙancewa a wuta. Duk da haka dole ayar da ta faro a wannan tayil ta ci gaba a na kusa da shi ba tare da harafi ya karye ba. Ayoyin Alƙur'ani an yi su da manyan haruffa masu tudu, an shafa musu shuɗi, suna tsaye a kan filin ƙyalli mai ganyaye, a gefuna kuma ƙananan rubuce-rubuce. Babu siffar mutum a mihraban. Mai zanen majalisa da masoya ya san abin da ya dace da wurin ibada. Bayan an gama kuma akwai ɗauka: Ƙum kusa take, amma Mashhad tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a kan dabbobi, da kayan da ke fashewa.

Waɗannan ayyuka biyu su ne suka kafa tsarin mihrabin ƙyalli da maginan Kashan suka bi fiye da shekara 100 bayan haka.

Farantin shekarar 1210

Tsakanin ayyukan hubbaren biyu aka yi farantin da ya fi kowane aikinsa suna, mai kwanan wata Jimada Sani 607 (1210), wanda ke ɗakin nune-nunen Freer a Washinton. Sa hannun yana ɗauke da sunan Sayyid Shamsuddin al-Hasani, kuma masaniyar rubutun Musulunci Sheila Blair, wadda ta tattara tarihin Abu Zaid daga ayyukansa a 2008, tana cikin masu ɗaukar wannan a matsayin laƙabinsa da nasabarsa. A tsakiyar farantin akwai doki da sirdi ba mahayi, mutane suna tsaye a bayansa, wani saurayi yana zaune yana barci, a ƙasa kuma wata siffa tana cikin ruwa tare da kifaye. Da farko an ɗauka labarin Khusrau da Shirin ne. A 1961 Grace Guest da Richard Ettinghausen suka kawo fassarar Sufaye: mai barcin murid ne da ke gani a mafarki, dokin sha'awar duniya ce da ya bari, ruwan kuma rahamar Ubangiji. Fassarar ta yaɗu, ko da yake ba kowane masani ne ya karɓe ta ba.

Shekarun ƙarshe da abin da ya biyo baya

Aikinsa na ƙarshe mai kwanan wata kwanon ƙyalli ne na 616 (1219), wanda ke birnin Heg na ƙasar Holan. A wannan shekarar ce rundunar Jengis Khan ta shiga ƙasar Khawarizm. Cikin shekara biyu aka rusa Bukhara da Samarƙand da Marw da Nishapur, kuma Ibnul Asir ya ruwaito cewa a 621 (1224) Mongol sun auka wa Ƙum da Kashan. Matoyan ba su mutu gaba ɗaya ba, domin akwai babban mihrabin Masallacin Maidan na Kashan da Hassan ɗan Arabshah ya yi a 623 (1226), wanda yanzu yake Balin. Amma kayan da ke da kwanan wata sun ragu ƙwarai har kusan shekara 40. Mina'i kuwa bai sake tashi ba. A 1301 Abul Ƙasim ya ambace shi a matsayin abin da aka riga aka manta.

Ƙyalli ya farfaɗo a shekarun 1260, yawanci a tayil. Ali ɗan Muhammad ɗan Abu Tahir ya yi mihrabin hubbaren Imamzada Yahaya na Waramin a 663 (1265), wanda yau yake Honolulu a gidan Doris Duke, ɗansa Yusuf kuma ya ci gaba da sana'ar har shekarun 1330.

Makomar kayansa

Tayil ɗin Ƙum da Mashhad sun zauna a hannun hubbarorin. Kwanonin kuwa ta hannun 'yan kasuwar kayan tarihi suka fita Iran a ƙarni na 20, yawancinsu daga haƙa marar izini, kuma a farfashe. Dillalai sun saba haɗa gutsattsari, su cike giɓi da ɓallin wani kwano ko da sabon yumɓu, su bi da fenti har a kan rubutun. Kwanon da ke da suna da shekara ya fi tsada, saboda haka nan ne aka fi samun ƙari. Binciken da aka yi wa kwanonin mina'i da dama da hoton da ke ratsa jiki da fitila ta musamman ya nuna gyare-gyare masu yawa, har a cikin waɗanda ake jingina wa Abu Zaid. Shi ya sa kafin a karɓi wani kwanan wata a tarihinsa, masana sukan duba ko ɓallin da ke ɗauke da shi na ainihin kwanon ne, su kuma gwada hannun da na tayil ɗin Ƙum da Mashhad, waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba.